Na'urar da Aka Ɗinka wa Rigar Fata

Mun bar Kano ana sallame sallar asuba, mu uku a mota: ni, da abokiyar aikina likitar ido, da direba. Sakkwato muka nufa, kuma ba zan ɓoye muku ba, da fushina na shiga motar nan. Tsofaffin masu bibiyata sun san sana'ata, amma saboda sababbin zuwa bari in maimaita. Ni injiniya ce, aikina kula da na'urorin da likitoci da masu bincike suke duba ido da su. Idan na'ura ta yi gardama, ni ake kira in je in ji ta bakinta.

Ga abin da ya fusata ni. A bara wata ƙungiyar agaji ta ba da kyautar wata na'ura mai tsada, aka ajiye ta a wata cibiyar bincike a Sakkwato, da sharaɗin ta zama ta kowa: masu binciken ido na Sakkwato, da na Kabi, da na Zamfara, har da mu na nesa idan buƙata ta kama. Aikinta ɗaukar hoton jijiyar da ke bayan ƙwayar ido, ta nuna ko ta fara sirancewa. Da ita ake kama hawan jinin ido da wuri, wato ciwon nan da ke cin gani daga gefe a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi, sai mutum ya wayi gari duniya ta tsuke masa. A makon jiya aka yi taro ta intanet, wani babba daga ofishin ƙungiyar na Abuja ya sanar da mu cewa na'urar ba ta taɓa aiki ba, don haka za a ɗauke ta a kai Legas. Ya ƙara da cewa irin waɗannan kayan ba sa rayuwa a can, saboda zafi da rashin wuta da rashin masu hannu. Da baƙo ne ya faɗa da na shanye. Ɗan Arewa ne, da hularsa a ka, yana faɗa yana murmushi.

Ana tashi daga taron wani likita na cibiyar ya kira ni. Ya ce in har ina da hali in zo in ga na'urar da idona kafin a ɗauke ta, don shi bai yarda ta mutu ba. Babu wanda ya ba ni takardar gayyata, babu wanda ya biya mini mota. Abokiyar aikina, wadda ta daɗe tana bincike a kan hawan jinin ido tana jiran ranar da za ta sami wannan na'ura, ta ce ƙafata ƙafarta.

Hanyar Gwarzo zuwa Malumfashi ba laifi, sai ramukan da direbanmu ya sani kamar 'yan gidansu, yana kauce musu yana gaishe su. A Funtuwa muka karya da shayi da waina mai zafi. Mai shayin ya ga akwatin kayan aikina ya tambaya ko ni mai sayar da turare ce, na ce masa e, amma turaren nawa ƙarfe ne. Farashin komai ya ɗaga tun zuwana na ƙarshe, har ƙwan da ake soyawa ya zama abin shawara. Daga nan muka miƙe. Da muka doshi Tsafe hira ta mutu da kanta, direba ya kashe rediyo, kowa ya koma addu'a a zuci, kuma duk wanda ya san hanyar ya san dalili. Shingayen jami'an tsaro sun yi yawa, a kowanne sai an buɗe akwatina an ɗaga sukurdireba ana juyawa. Ba mu dawo hayyacinmu ba sai da muka ga Gusau.

A Talata Mafara albasa ta tare mu, tsibi-tsibi a bakin titi, da arhar da ta sa abokiyar tafiyata ta manta da bincike ta shiga ciniki. Sauran tafiyar da warin albasa muka yi ta. Zafi kuwa tun daga nan ya fara nuna mana cewa na Kano wasan yara ne. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa, ruwan gorarmu ya koma na wanka. Muka shiga Sakkwato bayan la'asar, manyan motocin siminti daga Kalambaina suna ta wuce mu, 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta ko'ina.

Likitan da ya kira ni ya tarbe mu a masaukin da ya kama mana a Sabon Gari. Mutum ne mai sanyin magana, ya kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka da kilishi, ya bari sai da muka ci muka ƙoshi sannan ya faɗa mana ainihin matsalar. Mabuɗin ɗakin na'urar ɗaya ne, yana aljihun Farfesa, shugaban cibiyar. Ranar da aka fara kunna ta, ta yi aiki na ɗan lokaci ta ɗauke. Aka sake kunnawa, ta sake ɗaukewa. Farfesa ya tsorata, ya kulle ɗakin, ya ce ba mai taɓa ta sai injiniyan kamfanin da ya ƙera ta ya zo daga waje. Injiniyan bai zo ba, watanni suka yi ta wucewa. Motar da za ta ɗauke ta kuma jibi za ta iso.

Na tambaye shi me ya hana su, su likitocin cibiyar, su je su karɓi mabuɗin. Ya dube ni kamar na ce ya je ya cire wa mahaifinsa rawani. Farfesa malaminsu ne duka, ɗan gidan malamai ne, shi ya ɗaura wa rabinsu aure. A gabansa ko ido ba sa ɗagawa. Nan na gane abin da ya sa aka kira ni. Ana neman Bakanuwa mai bushewar ido ne, wadda za ta faɗi abin da ba a faɗa ta hau mota ta koma gida.

Da safe muka je gidan Farfesa a Ƙofar Taramniya, ta cikin lunguna masu shaguna a kowace kusurwa. Na zo da shirin faɗa, sai na tarar da dattijo mai fara'a zaune a kan buzu cikin littattafai, ya tarbe mu da gaisuwar da ta kusa cinye mini fushin. Ba likitan ido ba ne, fanninsa sassan jikin ɗan Adam, kuma ya koyar da shi tun kafin in shiga firamare. Aka kawo fura mai sanyi. Na lura da wani abu a lokacin, ban kawo komai a raina ba: ludayin yana nan gefen hagunsa, kusa da gwiwarsa, amma sai da ya juya kansa gaba ɗaya yana nema kafin ya gan shi.

Da na kawo maganar mabuɗi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, abin ga amana ta. Da hannuna nis sa hannu anka ba ni ita. Yadda ta zaka mani sabuwa, hakanan ni ka maishe ta. Ba a cewa ta lalace hannun mutanen Sakkwato."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai an riga an faɗa. A gaban kowa aka ce ba mu da masu hannu. Gobe za su ɗauke ta, kuma ba za su ce Farfesa ya riƙe amana ba, cewa za su yi an ba Arewa ta kasa."

Likitan da ya kawo mu ya sunkuyar da kai har na ji tausayinsa. Farfesa ya ci gaba da juya furarsa. Daga baya ya ce zai buɗe mini in gani, amma da sharaɗi: ba zan kwance ko ƙusa ɗaya ba, don takardar garanti ta hana, kuma akwatin kayan aikina a mota zai tsaya. Na amince. Raina ya sosu, don raba ni da akwatin nan kamar raba mai ɗinki da almakashi ne, amma ƙofa nake so a buɗe.

Ɗakin tsaf yake, an share an goge, har da turaren wuta. A tsakiya ga na'urar a kan teburinta, sanye da riga. Rigar fata ce ja, irin ta dukawan Sakkwato, an yi mata ado da kore da baƙi, an ɗinka ta daidai jikin na'urar, an bar ƙofa ta gaba wurin da mutum ke ɗora haɓa. Farfesa da kansa ya kai badukun ya auna, don kada ƙura ta shiga. Wallahi aikin ya yi kyau, da jaka ce da na saya. Da na roƙa aka ɗaga rigar, sai ga ledar kamfani a ƙarƙashi, lulluɓe da jikin na'urar yadda ta fito daga kwali, ba a ɓanɓare ko kusurwa ba.

Na sa aka kunna. Ta tashi lafiya, allon ya kawo haske, ta yi 'yar ƙararta mai daɗi. Ba a jima ba ƙarar ta sauya, ta koma nishi, allon ya ɗauke. Farfesa ya ce to, na gani da idona. Ni kuwa na zagaya baya na ɗora tafin hannuna, na janye da sauri don zafi. Ramukan da na'urar ke shaƙar iska ta cikinsu suna nan a baya da ƙasa, leda ta toshe su ruf. Ba lalacewa ta yi ba. Idan zafi ya yi mata yawa kashe kanta take yi don kada ta ƙone, kuma an sa mata leda da fata a garin da ko mutum da riga ɗaya yake neman agaji.

Dariya ta zo mini, sai kuma ta maƙale, don na tuna kujerun falona. Tun da aka kawo su ledarsu na jiki, baƙi suna zama suna zamewa, ni kuma ina jin daɗi wai suna nan sababbi. Wane ne a cikinmu bai san motar da ta tsufa da leda a kujera ba, ko talabijin mai takardar kamfani manne a goshi? Haka muke nuna abu yana da daraja a wurinmu. Farfesa bai yi komai ba sai abin da dukanmu muke yi, ya dai yi shi ne a kan abin da ke buƙatar numfashi.

Na yi masa bayani, na ce cire leda ba kwance ƙusa ba ne, garanti ba ruwansa. Ya ƙi. Ledar nan ita ce shaidarsa cewa bai ci amana ba, da ita zai nuna wa masu kaya cewa ga abinsu yadda suka kawo. Nan fushin da na taho da shi daga Kano ya dawo mini gaba ɗaya. Na ce masa ba ajiya aka ba shi ba, aiki aka ba shi. Na ce akwai masu fasa dutse a Kalambaina da manoman shinkafa a fadama da likitan da ya kawo mu ya yi wata da watanni yana son duba idanunsu, wasu cikinsu suna makancewa yanzu haka ba su sani ba, kuma su ne masu amanar, ba mutumin Abuja ba. Na ce ni ba zan taɓa ledar ba tunda na yi alkawari, amma ba zan fita daga ɗakin nan ba, sai dai motar Legas ta haɗa da ni. Na ja kujera na zauna. Abokiyar tafiyata ta ja tata ta zauna kusa da ni, ko kallona ba ta yi ba.

Farfesa ya zagaya bayan na'urar ya ɗora hannunsa inda na ɗora nawa. Sannan ya yi bisimilla, ya sa farce a kusurwar ledar ya ja. Ƙarar yagewarta ta cika ɗakin. Ya cire ta tas, ya naɗe, ya miƙa wa likitansa tare da rigar fatar. Muka buɗe tagogi, aka kawo fanka, muka bar ta ta huce. Da aka sake kunnawa ta tashi, muka zuba mata ido muna jiran nishin nan, bai zo ba. Har aka kira azahar tana aiki.

Sai batun wanda za a fara gwadawa da shi. Likitan ya miƙe, Farfesa ya ɗaga masa hannu ya ce, "Zamna. In ta lalace, ta lalace bisa kaina." Ya cire hula da tabarau, ya ɗora haɓarsa, abokiyar tafiyata ta zauna gaban allo. Idon dama ya fito, yawancinsa kore, alamar lafiya. Aka koma na hagu. Ni ba likita ba ce, amma na daɗe da waɗannan na'urori, na san ma'anar ja idan ya mamaye zoben da ke nuna kaurin jijiyar a allo. Abokiyar tafiyata ta sake ɗauka, ya sake fitowa haka. Ta aika aka kawo abin auna ƙarfin ruwan ido, ta auna, ta ajiye shi a hankali.

Farfesa malamin jikin mutum ne, ba a yi masa kwana-kwana. Ta faɗa masa gaskiya: hawan jinin ido ne, ya ci na hagu sosai, ya fara taɓa na dama. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma da magani za a iya riƙe abin da ya rage. Ya ce ya daɗe yana buge kafaɗa a bakin ƙofa, yana ɗauka tsufa ne. Sai na tuna ludayin. Ya tambaye ta, da tun ranar da aka kawo na'urar aka duba shi, da an ceci wani abu? Ta so ta kauce, ya ce ta faɗa. Ta ce da an ceta.

Ya daɗe yana kallon jan zoben a allo. Sannan ya ce, "Mabuɗin na aljihuna, ciwon na idona, kullum ina wucewa ta ƙohwar ga." Na ji kunyar zafin da na yi masa, amma ban yi nadamar maganar ba, kuma ko yau aka maimaita haka zan faɗa. Ya zaro mabuɗin ya ba likitansa, ya ce a je Sabon Gari a yanko wasu, a ba kowane sashe nasa, a aika wa mutanen Kabi da na Zamfara cewa ƙofa a buɗe take.

Ranar da motar ta zo, wakilin ƙungiyar ya sauko da kwali da igiyoyi ya tarar da baranda cike. Masu fasa dutse daga Kalambaina da farar ƙura a gashin ido, manoma da suka yarda su shiga binciken likitan, da wata malama da ta taso daga Birnin Kabi tun da sassafe da ɗalibanta. A ciki na'urar tana ta aiki. Farfesa yana tsaye a bakin ƙofa da babbar riga, ya gaishe shi da mutunci, ya ce masa kayan ba sa tafiya. Wakilin bawan Allah ne, aiko shi aka yi, sai ya kira maigidansa na Abuja ta bidiyo ya juya masa wayar ya ga layi.

Mai hular nan ya fara kawo maganar zafi da wuta. Farfesa ya ce masa wuta akwai sola, zafi kuwa da shi aka haife su. Sai mutumin Abuja ya ce to wa zai riƙa kula da ita, tunda ba masu hannu? Na karɓi wayar na ce, "Ranka ya daɗe, ga hannun, duba shi da kyau. Ni zan riƙa zuwa, kuma kafin in tafi zan koya wa mutum biyu a nan. Idan ta tsaya ka kira ni da sunana, kada ka kira Arewa." Ya yi 'yan kame-kame ya ce za su sake nazari. Motar dai ta koma da kwalinta babu komai a ciki, kuma har yau da nake rubutun nan na'urar tana Sakkwato.

Na ƙara kwana ina nuna wa ma'aikatan cibiyar yadda ake share ramukan iska da yadda ake gane nishinta. Da muka je sallama Farfesa ya riga ya fara ɗiga magani. Ya ba ni rigar fatar, ya ce in kai Kano in nuna wa masu dariya. Na ce ba mai dariya, don duk gidan da na sani akwai irinta.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, da shirunmu na Tsafe, da albasarmu da ta ƙara ƙarfi. Abin da na koyo bai da yawa. Kayan bincike na haɗaka ba ya zama na kowa don an rubuta haka a takarda, sai mabuɗi ya yi yawa kuma akwai wanda za a kira idan ya tsaya. Masu cewa ba za mu iya ba kuma, ba su da abin riƙewa da ya wuce ɗakunan da muka kulle da hannunmu don tsoron kada a ce mun ɓata. Ni dai na gwammace na'ura ta tsufa a hannunmu, ta karce, ta gaji, da ta koma sabuwa fil ba ta ga idon kowa ba.

Na shiga gida ana kiran magariba. Ko mayafi ban cire ba na wuce falo na kama ledar kujera na ja. Maigidana ya fito yana tambaya ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, ya zo ya kama mini ɗaya gefen, kuma gobe da safe ya shirya, za mu je a auna masa ido.